Gyaran Bayan Ido a Gidan Ruwa

Kowace safiya, kafin Auta ta kai kofi bakinta, sai uwarta ta karɓe shi ta ɗaga saitin taga. Ta duba, ta sunsuna, ta ɗan kurɓa, sannan ta mayar mata. Yarinyar ta saba, har takan miƙo kofin da kanta tana hamma. Inna, kakar yarinyar, ita ce ta ƙi sabawa.

"Ke da hannunki kika gwada ruwan nan jiya," in ji Inna. "In ke ba ki yarda da shi ba, mu wa za mu tambaya?"

"Dubawa kawai nake yi, Inna."

"Tun kina goye kike dubawa. Ko nono sai kin ƙare masa kallo kafin ki kama."

A gidan ruwa, inda uwar Auta ta yi shekaru tana aiki, Mai Gwaji ake kiranta. Aikin nata ba shi da wuyar faɗi. Ruwan kogi yana shigowa da laka, a kwantar da shi, a tace shi, wani ɗan inji ya riƙa ɗiga masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya taru a babban tanki kafin a sake shi cikin gari. Ita takan ɗebo kaɗan daga tankin a ƙaramar kwalba, ta jefa wata farar ƙwaya, ta girgiza. In ya juya ya yi launin ruwan hoda, magani ya ji, mutane na iya sha. In ya tsaya fari, ba a sakinsa. Ta yi wannan gwajin sau ba adadi, amma har yau tsakanin jefa ƙwayar da fitowar launin, numfashinta tsayawa yake yi.

Tsoro dai da shi aka haife ta. Mahaifinta tela ne, kuma yakan ce a duk 'ya'yansa ita kaɗai ce ba ta taɓa fasa masa kofi ba, ita kaɗai ce kuma ke ba da haƙuri idan wani ya fasa. Da ta ci jarrabawa aka ɗauke ta a babbar jami'ar nan mai tsofaffin gine-gine da dogayen bishiyoyi, wadda kowa ke kira Tsohuwa. Tsoron bai ragu a can ba. Shi ma digiri ya yi.

A Tsohuwa an ba su ilimi mai nauyi, wannan ba mai musu. An kuma koya musu wani abu da ba ya cikin littafi. A shekararta ta farko wani farfesa ya yi kuskuren lissafi a allo, sai wani ɗalibi mai rawar kai ya ɗaga hannu ya nuna masa. Farfesan ya yi murmushi, ya gode masa, ya tambayi sunansa. Ranar da Mai Gwaji ta gama ta fita, ɗalibin nan yana nan yana maimaita darasin farfesan, gemu ya cika masa fuska. Daga nan kowa ya gane hanya. In babba ya yi kuskure, ba a faɗa masa. Sai ya fita, wani ya tashi ya goge wurin, ya rubuta daidai da rubutu mai kama da nasa. In ya dawo ya gani, shi ma ba ya cewa komai. Suna kiran wannan gyaran bayan ido, kuma a wurinsu ba munafunci ba ne, ladabi ne. Kai ka rufa wa babba asiri, shi kuma ya yi kamar bai san an rufa ba.

Shugaban gidan ruwa, wanda duk ma'aikata ke kira Yallaɓai, ɗan Tsohuwa ne, ya riga ta fita da shekaru masu yawa. Dogo, mai kula da matatun ruwa, shi ma daga can ya fito. Su ukun nan suna iya wuni a wuri ɗaya, a gyara abubuwa da dama, ba wanda ya ce wa ɗan uwansa ci kanka. Baƙo in ya shigo sai ya zaci ba sa ga maciji da juna, alhali fahimtar juna ce ta yi musu yawa.

Sifana, mai kula da injina da bututu, jami'ar fasaha ya yi, inda ɗalibi ke kwance inji kafin a gaya masa sunan injin. Hannunsa yana riga kansa isa wurin aiki. Ya ceci gidan ruwa sau da yawa da wannan halin, ya kuma taɓa kwance wani famfo mai lafiya don kawai ya ji ƙararsa ta canza.

Sai kuma ƙaramarsu, wadda ta zo bara daga sabuwar jami'a mai ginin gilashi. A can, in ji ta, ɗalibi yakan tare malami a hanya ya ce bai gamsu ba, kuma a ƙarshen zango ɗalibai ne ke ba malamai maki. Ba ta yi mako guda ba aka laƙaba mata Me-Ya-Sa. Ranar farko da ta shiga ɗakin magani ta fito a guje tana tari, idanunta na zubar da ruwa, ta ce su a makarantarsu a kwamfuta suka yi wannan, kuma kwamfuta ba ta wari.

Lokacin shan shayi a bayan ɗakin gwaji, nan ake baje kolin makarantu.

"Ku 'yan Tsohuwa," in ji Sifana yana juya cokali, "in rufi zai faɗo wa Yallaɓai a ka, sai ku jira ya fita tukuna ku tokare shi."

"Ku kuma sai ku rushe shi ku ga me ke riƙe da shi," in ji Dogo.

"Amma me ya sa ba za a ce masa ya matsa ba kawai?" in ji Me-Ya-Sa.

Sifana ya ƙware da dariya. Dogo ya girgiza kai ya ce, "Ƙanwata, ku a makarantarku baki aka fara raba muku kafin littafi."

Mai Gwaji takan yi dariya ita ma, amma idonta na kan ƙofa, kada Yallaɓai ya ji. Yarinyar nan tana burge ta kamar yadda mai tafiya a kan katanga ke burge mutum. Kana kallo, gabanka na faɗuwa.

Akwai abin da 'yan Tsohuwan biyu, ita da Dogo, suka sani ba su taɓa furtawa ba, ko a tsakaninsu. Idon Yallaɓai ya fara rauni. Yakan nesanta takarda da fuskarsa, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa da tabarau. A jikin injin magani akwai wani ɗan abin murɗawa da suke kira kunne, shi ke ƙara magani ko ya rage. An ɗiga jan fenti a inda ya saba tsayawa. Yallaɓai ne kaɗai ke saita shi kowace safiya, haka ya gada. A 'yan watannin nan Mai Gwaji ta sha iske kunnen ya kauce wa jan fentin, ta saurara ko akwai mai zuwa, ta mayar da shi. Duk lokacin da ta yi haka gwajinta yakan fito daidai. Ta ɗauka ita kaɗai ke wannan hidimar.

Ranar da abin ya faru, an kwana biyu ana ruwan sama. Kogi ya zo jawur, wuta ta ɗauke, injina suka tsaya, gari ya wuni ya kwana ba ɗigon ruwa a famfo. Da safe wuta ta dawo, tanki ya fara cika, wayar ofishin Yallaɓai kuwa ba ta huta ba.

Mai Gwaji ta shiga ɗakin magani ɗaukar safar hannu. Ta ga an kawo sabon duron magani an jona. Ta ga kunnen ya wuce jan fenti da kamar faɗin yatsa biyu. Ta hango yara suna kurɓa suna tofarwa, maƙogwaro na yi musu zafi, ta hango mutane cike da ƙofar ofis suna cewa tsohon nan ya kamata ya tafi gida ya huta. Ta kasa kunne. Ba motsin kowa sai ƙarar inji. Ta sa yatsu biyu ta mayar da kunnen kan jan fenti, ta fito da sanɗa, zuciyarta wasai kamar wadda ta tsallakar da makaho titi.

Rana ta kusa take tsakiya tanki ya cika. Ta ɗebo ruwa, ta jefa ƙwaya, ta girgiza, ta riƙe numfashi.

Ruwan ya tsaya fari.

Ta ce ƙwayar ce ta lalace. Ta ɓare sabuwa, ta wanke kwalbar, ta sake ɗebowa. Fari fat, kamar hawaye. Ta ɗauko ragowar ruwan shekaranjiya da ke cikin buta, ta jefa ƙwaya, nan take ya yi ruwan hoda. Ashe ba ƙwayar ba ce. Tanki guda na ruwan kogin da ya kwaso dattin gari da na ƙauyuka, an tace lakarsa, ya yi kyau a ido, amma ba abin da ya kashe abin da ke cikinsa. Kuma gari na jira da bokitai.

Ta iske Dogo a bakin matata, ta nuna masa kwalbar a ɓoye cikin tafin hannu.

"Ba zai yiwu ba, Malama," ya ce cikin raɗa. "Ai ma yawa ya yi. Da sassafe na iske Yallaɓai ya murɗe kunnen har ƙarshe. Na mayar masa rabi."

"Rabi?"

"Kada ya lura."

"Dogo, ni kuma na iske rabin naka, na mayar da shi kan jan fenti."

Suka tsaya suna kallon juna. Dogo ya cire hularsa. Ba tare da sun yi shawara ba suka nufi ɗakin magani, ya buɗe sabon duron, ya kai hanci. Maganin da ya kamata ya kore shi baya da tari, sai da ya sunkuya sosai kafin ya ji warinsa.

"Wannan ya sha rana a sito," ya ce. "Ƙarfinsa ya tafi. Ga kuma ruwan kogi da datti." Ya rufe duron. "Malama, tsohon nan ba kuskure ya yi ba. Da gangan ya ƙara."

Haka ne kuwa. Yallaɓai ya sunsuna duron tun da asuba, ya gane, ya ƙara magani yadda ya dace. Bai gaya wa kowa ba, domin babba a Tsohuwa ba ya bayyana dalilinsa ga na ƙasa.

Dogo ya murɗa kunnen har ƙarshe. "Shi ke nan, mun mayar. Ba wanda ya sani."

"Wanda ke cikin tanki fa?"

Ya kalli ƙasa, ya kalli ƙofa. Wannan ba abu ne da za a goge a allo a sake rubutawa ba. Ba mai iya hana sakin ruwa sai Yallaɓai, kuma ba zai hana ba sai an tsaya a gabansa an faɗa masa da baki.

"Kin san ni," in ji Dogo. "In na tsaya gabansa harshena naɗewa yake yi."

Ita ma ta san kanta. Sai dabara ta faɗo mata, irin dabarar matsorata. Ta nemo Me-Ya-Sa, ta danƙa mata kwalbar.

"Ƙanwata, kai wa Yallaɓai wannan. Ki ce masa na tanki ne."

"Anti, ai wannan babu magani a ciki! Me ya sa ba za ki kai da kanki ba?"

"Je ki dai, don Allah. Yi sauri."

Ta bi ta a baya, ta laɓe a jikin bangon ofis. Ta ji Yallaɓai ya ajiye waya, ta ji muryar yarinyar tar-tar.

"Yallaɓai, babu magani a ruwan tanki. Kada a sake shi."

"'Yata," in ji shi cikin gajiya, "ranar nan kin ce bututu na yoyo, ashe raɓa ce. Kafin nan kin ce injin na hayaƙi, ashe shayin Sifana ne. Ke kika yi gwajin?"

"Anti ce ta ba ni."

"Ita ta ce miki babu magani?"

"Ba ta ce ba, amma ga shi nan fari."

"Wa ya san ko an jefa masa ƙwaya? Ni da kaina na ƙara magani yau. Kuma in da wata matsala, ina da mutanen da ke gyara ta ba sai na ji ba. Je ki, gari na jirana."

Mai Gwaji ta ji maganar nan har cikin ƙashinta. Ashe ya sani. Ashe duk watannin nan yana jingine da shirunsu kamar yadda ake jingina da bango. Yarinyar ta yi magana, amma ta yi magana da yawa a baya, maganarta ta zama kamar ƙarar inji, ana ji ba a saurare. Muryar da za ta tsayar da shi ita ce wadda bai taɓa ji ba.

Ƙofar ofishin ba ta da nisa, amma sai ta ga kamar tana ja da baya. Ta tuna ɗalibin nan mai gemu, ta tuna murmushin farfesa. Ta tuna Inna da Auta, da cewa albashinta ne ke riƙe da gidan, ta kuma tuna cewa famfon tsakar gidan nan da wannan tankin yake haɗe. Ba ta san lokacin da ta tsinci kanta a tsakiyar ɗakin ba.

"Yallaɓai." Muryar ta fito siririya kamar ba tata ba. "Ni ce."

"Ke ce me, Malama?"

"Ni na taɓa kunnen. Na mayar da shi kan jan fenti. Na zaci... Ruwan tanki fari ne, Yallaɓai, na gwada na sake gwadawa. Kada a sake shi."

Yallaɓai ya daɗe yana kallonta. Ya karɓi kwalbar daga hannun Me-Ya-Sa, ya nesanta ta, ya matso da ita. Sannan ya ja aljihun tebur, ya fito da tabarau, ya saka a gabansu. Mai Gwaji ta sunkuyar da kai kamar ta gan shi ba riga.

"Ke kaɗai?" ya tambaya.

Ta ƙi ɗago kai.

"Da ni, Yallaɓai," in ji wata murya daga bakin ƙofa. Dogo ne, hula a hannu. "Ni na fara."

Yallaɓai ya buɗe baki zai yi magana, sai ƙasa ta fara wani gurnani a ƙarƙashin ƙafafunsu. Duk wanda ya yi aiki a gidan ruwa ya san wannan ƙarar. Babban bututu ne ya ɗauki ruwa. Sifana ya ga tanki cike, ya ji waya na ta kuka tun safe, bai ga dalilin jira ba.

Mai Gwaji ba ta taɓa gudu a wurin aiki ba. Ranar ta yi. Takalminta ɗaya ya zame a tsakar gida ba ta waiwaya ba. Ta hango Sifana a bakin ƙatuwar tayar ƙarfen da suke kira sitiyari, wadda ke buɗe ruwa ta rufe, yana goge hannu da tsumma yana fito.

"Sifana! Rufe! Rufe shi!"

Tsuntsayen da ke kan tanki suka tashi. Sifana ya juyo, ya ga wadda ke ihun, tsumman ya faɗi daga hannunsa. Bai tambayi dalili ba. Ya faɗa kan sitiyarin da duk ƙarfinsa. Me-Ya-Sa ta iso ta kama tana ja.

"Ba nan ba, ɗaya gefen!" ya daka mata tsawa. "A kwamfuta ma haka ake rufewa?"

Dogo ya sa hannu, Mai Gwaji ma ta sa. Ƙarfen ya yi ta kuka yana juyawa da ƙyar, gurnanin ya ragu, ya mutu. Amma ruwa ya riga ya tafi, ba mai yawa ba, ba kuma kaɗan ba. Unguwar farko a kan bututun ita ce ta gangaren gidan ruwa, inda Mai Gwaji ta kama haya don kada ta riƙa makara.

Ta ciro waya, ta nemo lambar Inna. Ta kira, tana ta ringi ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Ta san inda Inna take, tana bakin famfo, wayar kuma tana ɗaki ƙarƙashin matashi. A kira na gaba aka ɗauka.

"Kin ganmu nan, ruwa ya zo!" in ji Inna da murna. "Mun cika randa, yanzu bokitai muke..."

"Inna, kada kowa ya sha. Ki gaya wa maƙwabta. Auta fa? Auta ta sha?"

"Yarinya ta wuni da ƙishi, me za ta jira? Kofi guda ta shanye. Har tana cewa yau Mama ba ta nan balle a duba."

Mai Gwaji ta zauna a ƙasa, a kan jiƙaƙƙen siminti, wayar a kunnenta.

Abin da ya biyo baya ta gan shi ne kamar ta cikin ruwa. Yallaɓai ya fito da motar ofis mai lasifika, ya miƙa wa Me-Ya-Sa abin magana ya ce, "Yau ranarki ce, 'yata." Yarinyar ta bi layi-layi tana shela a zubar da ruwan da aka tara, wanda ba zai iya zubarwa ba ya tafasa shi sosai. Mutane suka yi ta tare motar suna tambayar dalili, ita kuwa tana amsa wa kowa dalla-dalla, ba gajiya ba jin kunya. Sifana ya bi ƙarshen bututu yana buɗewa, ruwan ya yi ta kwarara cikin kwata. Dogo ya tsaya a bakin tanki, ya lumshe ido, leɓɓansa na motsi, ya fitar da adadin maganin da za a zuba kai tsaye ba tare da ya taɓa biro ba, kuma da aka gwada da yamma launin ya fito daidai.

Mai Gwaji kuwa gida-gida ta bi a unguwarsu, da takalmin aro. Kowa ya san inda take aiki.

"Maman Auta, me ya faru?" in ji matar da ke kallon gidansu, jariri a kafaɗa. "Inji ne ya lalace?"

Da ta ce inji ne, da an wuce wurin.

"Ba inji ba ne. Mu ne."

Matar ta dube ta daga sama har ƙasa, ta gyara riƙon jaririn, ta tuntsurar da bokitinta a gabanta har ruwan ya jiƙa mata ƙafa, ta shige gida.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwarta. In Auta ta shiga banɗaki, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare. In yarinyar ta yi shiru, ta taɓa goshinta. In ta ƙi cinye abinci, uwar ta tsare ta da tambaya.

"Mama, ni fa lafiyata ƙalau."

"Cikinki ba ya murɗawa?"

"Ke ce kike sa shi murɗawa da tambaya."

"Ki bar yarinya ta sha iska," in ji Inna. "Cutar da ba ta kama ta ba, ke za ki kira mata ita." Amma Mai Gwaji ta lura tsohuwar ma ta daina zolayarta a kan kofi, kuma tukunyar tafasa ruwa ba ta sauka daga wuta.

Kunnenta yana kan unguwa. Kukan kowane yaro, tsayuwar kowace mota a ƙofar wani gida, sai ta leƙa waje. Auta ba ta yi ko atishawa ba. Jaririn maƙwabciya ma lafiya. Wani tsoho a layin baya dai ya yi fama da gudawa har aka kai shi asibiti aka ƙara masa ruwa, ya dawo da ƙafarsa. Matarsa ta ce ba ruwan famfo ba ne, kwaɗayinsa ne. Mai Gwaji har yau ba ta san gaskiyar ba, kuma duk sanda ta gamu da shi a hanya takan gaishe shi gaisuwar da ke ba shi mamaki.

A wurin aiki ta yi ta jiran a kira ta. Duk buɗe ƙofar ofis sai ta miƙe tsaye. Yallaɓai ya sa babbar riga ya je wurin manyansa shi kaɗai, ya dawo fuska a ɗaure, bai ce wa kowa komai ba. Abin da ya faɗa musu, da abin da suka faɗa masa, ba wanda ya sani. Dogo ya ce cikin raɗa wannan ma gyaran bayan ido ne, sai dai karon nan babba ne ya yi wa na ƙasa.

Wata safiya suna shan shayi suka ga Yallaɓai ya fito daga ɗakin magani da tabarau a fuska. Ya tsaya a tsakar gida, ya fuskanci bango, ya yi gyaran murya.

"Na wuce jan fenti," ya ce wa bangon da ƙarfi. "Da gangan. Duron ne ba shi da ƙarfi. Kada wanda ya taimake ni."

Me-Ya-Sa ta buɗe baki.

"Na riga na faɗi me ya sa," in ji shi, ya wuce ofis.

Sifana ya yi dariya har ya zubar da shayi. Dogo ya rufe fuska da hula. Tun daga ranar, kowace safiya Yallaɓai sai ya gaya wa bango abin da ya yi, su kuma su yi kamar ba su ji ba, alhali kowa ya kasa kunne.

Bayan wasu watanni, wata rana bai ce wa bangon komai ba. Mai Gwaji ta shiga ɗakin magani ta iske kunnen ya kauce. Hannunta ya miƙa da kansa, yatsun har sun taɓa ƙarfen. Ta janye shi, ta riƙe shi da ɗaya hannun. Ta fito ta nufi ofis. Tsoron yana nan daidai yadda yake a karon farko, ba abin da ya ragu. Ta ƙwanƙwasa.

"Yallaɓai, kunnen... da gangan ne?"

Ya tashi, ya ɗauki tabarau, ya biyo ta. Ya sunkuya ya duba da kyau.

"A'a," ya ce. "Wannan kam tsufa ne."

Ya mayar da shi da hannunsa. Ita kuma ta koma ɗakin gwaji ta wanke kwalbarta. Sannan ta ɗebo ruwa, ta jefa ƙwaya, ta girgiza, ta riƙe numfashi.